Batirin da zai jure zafin bazara: yadda masana ke gano shi da lissafi tun kafin a ƙera shi

Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kasuwar kayan sola ta buɗe sosai a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. An maido da wutar a watan Maris na 2024, amma magidanta da masu shaguna da dama sun riga sun ɗanɗana dogaro da rana, ba su kuma koma baya ba. A wuraren sayar da kayan, kusa da tsofaffin batura masu nauyi na dalma, yanzu akwai wasu akwatuna marasa nauyi masu tsada, an rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsu. Wasu an rubuta NMC, wasu kuma babu komai sai kalmar litiyom.

Mai saye yakan yi tambaya uku: nawa ne, shekara nawa zai yi, kuma zai iya da zafin Afrilu? Ta farko ciniki ke warware ta. Amsar sauran biyun tana cikin waɗancan haruffa, domin suna ne na garin sinadarin da aka shafa a ɓangaren batir mai alamar +, wanda masana ke kira katod. Akwai reshen kimiyya da aikinsa shi ne ya faɗi halin wannan gari ta hanyar lissafi: ƙarfin wutar da zai bayar, yawan litiyom da za a iya zarewa daga cikinsa bai rushe ba, da zafin da zai sa ya fara aman iskar da ke rura wuta. Sunansa tarmodinamik, wato ilimin zafi da makamashi.

Gida mai hawa-hawa

Cikin batirin litiyom gida biyu ne da hanya a tsakani. Gida ɗaya na girafit ne, baƙin abin nan da ke cikin fensir, shi ne anod. Ɗayan shi ne katod. A tsakaninsu akwai wani ruwan sinadari mai kama wuta, da wata siririyar leda mai ƙananan ƙofofi da ke hana gidajen biyu taɓa juna. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyom suna barin katod su ratsa ruwan su shige girafit. Idan aka kunna waya ko fanka sai su juyo gida, kuma wannan dawowar ce ke tura wuta a cikin waya. Batirin salula mai lamba 5000 mAh litiyom ɗin da ke kai da komowa a cikinsa bai wuce giram 1.3 ba.

A shekarun 1970 wani masani ɗan Ingila, Stanley Whittingham, ya haɗa batirin farko mai irin wannan tsari a kamfanin man fetur na Exxon a Amurka. Ƙarfinsa ya ɗan haura bolt 2, kuma yana yawan kama wuta. A 1980 John Goodenough da abokan aikinsa a jami'ar Oxford suka nuna cewa haɗin litiyom da kobalt da oksijin yana ba da kusan bolt 4. Akira Yoshino na Japan ya samo anod mai aminci a 1985, kamfanin Sony kuma ya fito da batirin kasuwa a 1991. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97.

Katod ɗin Goodenough, wanda har yau shi ne a cikin akasarin wayoyin hannu, gini ne mai hawa-hawa: shimfiɗar kobalt da oksijin, shimfiɗar litiyom, haka har sama. A takarda kowane giram nasa yana iya ba da mAh 274. Amma shekara da shekaru kusan 140 kawai aka riƙa ɗiba, wato rabi, ana tsayar da caji a bolt 4.2. Idan aka zare fiye da haka, hawa-hawan sukan fara gocewa, ginin ya sake kama. Sai daga baya, da aka koyi sirka shi da wasu sinadarai da lulluɓe ƙwayoyinsa, aka iya matsawa gaba kaɗan. Tambayar ita ce me ya sa iyakar take a nan, kuma shin za a iya sanin iyakar wani sabon haɗi ba tare da an shafe shekaru ana gasa shi a tanda ana gwadawa ba.

Ma'aunin Gibbs

Tushen amsar ya girmi batirin da shekara ɗari. Tsakanin 1875 da 1878 wani malami a jami'ar Yale ta Amurka, Josiah Willard Gibbs, ya wallafa dogon aiki kan yadda abubuwa ke daidaita da juna idan sun haɗu. Abin da ya fitar yana da sauƙin faɗi. Kamar yadda ruwa ke bin gangare, kowane haɗin sinadarai yana neman yanayin da wani ma'auni, wanda yau ake kira makamashin Gibbs, ya fi ƙanƙanta. Ma'aunin yana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce ƙarfin riƙon da ƙwayoyin zarra suka yi wa juna. Ta biyu ita ce sha'awarsu ta warwatsuwa, wadda ake kira antirofi, kuma nauyinta yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda zafi ya ƙaru. A sanyi riƙo ke rinjaye, a zafi warwatsuwa ke rinjaye.

Ƙarfin batir, wato bolt ɗin da ake aunawa, daga nan ya fito kai tsaye. Tazara ce tsakanin makamashin litiyom idan yana waje da makamashinsa idan ya shiga katod. In gangaren ya yi zurfi, bolt ya yi yawa. A LFP, idan giram 7 na ƙarfen litiyom ya shiga, yana sakin makamashi kimanin kilojul 333, daidai da abin da zai kunna ƙwan lantarki mai watt 10 na awa tara. Idan aka raba wannan adadi da yawan cajin da litiyom ɗin ke ɗauke da shi, sai a samu bolt 3.45, kuma abin da ake gani ke nan a ɗakin gwaji. Ma'ana, wanda ya iya lissafa makamashin Gibbs na wani haɗi ya san bolt ɗinsa tun ba a haɗa shi ba.

Hanya biyu ake bi wajen samo wannan adadi. Ta farko daga masana'antar ƙarafa ta fito, ana kiranta CALPHAD, kuma Larry Kaufman ne ya kafa harsashinta da littafin da ya fitar tare da abokin aikinsa a 1970. Ana tattara duk awon da aka taɓa yi kan zafin da wani haɗi ke sha ko yake fitarwa, a mayar da shi ƙa'idojin lissafi, sannan kwamfuta ta cike guraben da ba a auna ba. Ta biyu ba ta buƙatar awo tun farko. Ana ba kwamfuta sunayen ƙwayoyin zarra da wurin zaman kowace, ita kuma ta lissafa makamashin daga dokokin da ke tafiyar da elektaron. Walter Kohn, wanda ya shimfiɗa wannan hanya a tsakiyar shekarun 1960, ya samu Nobel a kanta a 1998.

Wanda ya fi kowa suna wajen kawo hanya ta biyu cikin harkar batir shi ne Gerbrand Ceder, ɗan Beljiyam, lokacin yana koyarwa a cibiyar MIT ta Amurka. A 1997 shi da ɗalibansa suka nuna yadda ake lissafa bolt na katod. A 1998 suka yi hasashen cewa idan aka maye wani sashe na kobalt da alminiyom bolt zai ƙaru, abin da mutane da yawa ba su zata ba, tunda alminiyom ba ya musayar elektaron a cikin batir. Aka haɗa shi a ɗakin gwaji, bolt ɗin kuwa ya ƙaru. Haɗin bai mamaye kasuwa ba, amma ya nuna cewa kwamfuta na iya riga tanda magana.

Lissafin bai zo babu aibi ba. A kan wasu sinadarai, har da LFP, yakan ba da bolt ƙasa da na gaskiya da rabin bolt ko fiye, kuskuren da ba ƙarami ba ne ga abin da dukansa bai kai bolt 4 ba. A 2004 aka shigar da wani gyara da ya rage gibin ƙwarai. Sai dai gyaran yana da wata lamba da sau da yawa ake daidaita ta da sakamakon gwaji, don haka masu cewa kwamfuta ta gama da ɗakin gwaji sun yi gaggawa. Kowane yana gyara wa ɗan'uwansa zama.

Darasin ƙanƙara

LFP, wato haɗin litiyom da baƙin ƙarfe da fosfat, shi ma daga hannun Goodenough ya fito, a 1997, bayan ya koma jami'ar Texas, tare da ɗalibinsa Akshaya Padhi. Yana da wani hali da ke rikita masu haɗa sola waɗanda suka saba da batirin dalma. A batirin dalma, awon bolt yana nuna kusan yawan wutar da ta rage. A LFP kuwa, daga kusan cike har kusan ƙarewa, kowane ɗan batir yana tsaye tsakanin bolt 3.2 da 3.3, da ƙyar yake motsi. Akwatin da aka rubuta wa 12.8 ƴan batura huɗu ne a jere, mai 51.2 kuma goma sha shida. Mutum zai auna da magariba ya ga komai lafiya, ya sake aunawa tsakar dare ya ga kusan lamba ɗaya, kafin asuba wuta ta ɗauke.

Duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙara da azumi ya ga dalilin. Muddin akwai sauran ƙanƙara a cikin ruwan da aka gauraya sosai, sanyinsa yana nan a digiri sifili, ko guntun babba ne ko ya kusa narkewa. Sai ta ƙare sarai ruwan ke fara ɗumi. Gibbs ya bayyana haka da wata ƙa'ida: idan abu ɗaya yana zaune a kama biyu a lokaci guda, ma'auninsa ba ya motsi har sai ɗaya ta cinye ɗayar. LFP haka yake. Lissafi ya nuna cewa a zafin ɗaki ya fi masa sauƙi ya rabu biyu, sashe cike da litiyom, sashe fanko, a kan ya zauna rabi da rabi. Caji yana canja yawan kowane sashe ne kawai, shi ya sa bolt ke tsayawa wuri ɗaya. Saboda haka na'urar da ke kula da batirin, wadda ake kira BMS, ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita take yi, kuma ƙirgar takan goce a hankali in ba a riƙa cika batirin lokaci-lokaci ba don ta sake samun mafari.

Akwai wani abin mamaki da ya daɗe yana damun masana. Abin da sai ya rabu biyu kafin ya karɓi litiyom ya kamata ya yi nawa, amma ƙananan ƙwayoyin LFP suna caji da sauri. A 2011 lissafin ƙungiyar Ceder ya nuna cewa zaman rabi da rabi bai fi rabuwa tsada sosai ba, don haka idan aka matsa wa ƙwayar da wuta mai ƙarfi takan bi ta wannan gajeriyar hanya. A 2014 ƙungiyar Clare Grey ta jami'ar Cambridge ta ga hakan yana faruwa ta hanyar haska batir da hasken X yana cikin aiki.

Inda wutar take

Babban abin da ya sa kamfanoni ke kashe kuɗi kan wannan lissafi shi ne oksijin. Masana'antar siminti ta Malbaza tana ba da misali. Dutsen farar ƙasa yana iya zama shekaru dubbai bai canja ba, amma idan aka gasa shi zuwa kusan digiri 900 sai ya saki iskar da ke ɗaure a cikinsa. Iska ta fi dutse warwatsuwa nesa ba kusa ba, don haka akwai zafin da idan aka kai shi, ƙafar warwatsuwa ke kayar da ƙafar riƙo. Kowane haɗi mai ɗauke da iska a jikinsa yana da irin wannan iyaka. Aikin mai lissafi shi ne ya gano a ina take.

Katod mai hawa-hawa, na kobalt ko na nikel, idan yana cike da litiyom ɗinsa natsattse ne. Caji ne ke sauya shi. Da zarar an zare litiyom da yawa, ƙarfen da ya rage yana shiga wani hali na yunwar elektaron, har ya fara fizgar na oksijin da ke maƙwabtaka da shi, riƙon da ke tsakaninsu ya yi sako-sako. Wani aiki da Lei Wang da Thomas Maxisch da Ceder suka fitar a 2007 ya bi diddigin matakan rushewar: ginin mai hawa-hawa yakan koma wani tsari dabam, daga nan ya fara sakin oksijin. Ga katod ɗin kobalt da aka caja, gwaji ya nuna abin yana farawa a kusa da digiri 200. Zafi mafi yawa kuma daga haɗuwar wannan oksijin da ruwan batir yake fitowa, tunda ruwan makamashi ne kamar fetur. Zafin ya sa katod ya ƙara sakin iska, iskar ta ƙara rura wutar.

Shi ya sa gobarar irin wannan batir take da wuyar kashewa. Rufe ta da bargo ko yashi ba ya raba ta da iska, domin tana ɗauke da guzurinta a ciki. Masu kashe gobara ruwa mai yawa suke zubawa don su sanyaya ta, kuma hayaƙinta guba ne. A watan Janairun 2013 an dakatar da dukan jiragen sama samfurin Boeing 787 na kusan wata uku bayan baturansu, masu katod ɗin kobalt, sun ƙone a Boston da Japan. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa baki ɗaya. A wayar, kuskuren ƙira da na haɗawa ne ya sa gidajen biyu suka taɓa juna. Katod ba shi ke tayar da fitinar ba, amma shi ke yanke yadda za ta yi nisa.

A LFP kowace ƙwayar oksijin tana ɗaure da fosforos, ɗauri mai ƙarfi ƙwarai. A 2008 Shyue Ping Ong da abokan aikinsa a MIT suka zana taswirar dukan haɗe-haɗen da litiyom da baƙin ƙarfe da fosforos da oksijin za su iya yi, da yanayin da kowane ke zama daram. Wannan taswira da aikin da ya biyo bayanta sun nuna cewa ko an zare litiyom duka, abin da ya rage yana riƙe oksijin ɗinsa har zuwa zafi mai nisa sama da na kobalt da nikel. Wannan ne ainihin abin da mai saye ke biya idan ya zaɓi LFP. Farashin da ya biya a ɗaya gefen shi ne nauyi: bolt ɗinsa ya fi ƙasa, kuma iyakarsa a takarda mAh 170 ne a giram, alhali NMC mai nikel da yawa yana ba da kusan 200 a bolt mafi girma. Ga mota mai doguwar tafiya wannan bambanci ne. Ga akwatin da ke ajiye a kusurwar ɗaki kusan ba komai ba ne.

Kada dai a ɗauka LFP ba ya ƙonewa. Ruwan da ke cikinsa iri ɗaya ne da na sauran, kuma idan ya lalace yana fitar da iskar gas mai kamawa, wadda ke iya fashewa a rufaffen ɗaki. Kuma ba kowane fosfat ne ya gaji natsuwarsa ba. Idan aka maye baƙin ƙarfe da manganis, bolt yana tashi zuwa 4.1, abin sha'awa ga masu ƙira. Amma gwajin da aka yi a Berkeley da lissafin Ong na 2010 sun nuna cewa wannan ɗan'uwan nasa yana sakin oksijin a zafin da bai kai na LFP ba. Shi ya sa kamfanoni ke gauraya su biyun suna neman tsaka-tsaki.

Irin wannan ciniki ake yi a dangin NMC, wato nikel da manganis da kobalt. An fara da kashi ɗaya-ɗaya na kowane, aka yi ta ƙara nikel har aka kai NMC 811, mai kashi takwas na nikel. Dalilin ya haɗa da neman ƙarin wuta da kuma gudun kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda aka sha kokawa kan yara masu aiki a ramukan haƙa na hannu a yankin Kolwezi. Amma duk ƙarin nikel yana saukar da zafin da katod ke fara sakin oksijin.

Digiri 45 ba 200 ba ne

Zafin Sahel bai kai ya sa katod ya saki iska da kansa ba. Ko a watan Afrilun 2024, da aka auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali, tazarar tana da yawa. Sai dai gobarar batir tsani ce. Wajen digiri 80 zuwa 120 wata siririyar fata da ke kare girafit takan fara lalacewa tana fitar da zafi. Wajen 130 ledar tsakiya ta fara narkewa. Daga nan ne ake isa ga katod. Batirin da ke ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka, ana kuma jan wuta mai yawa daga gare shi, ya riga ya hau wasu matakai kafin wata matsala ta taso.

Ɓarnar da ta fi yawa ma ba a ganinta, tsufa ce da wuri. A nan lissafin Gibbs yake da iyaka: yana faɗin inda abu zai gangara, ba ya faɗin yaushe. Saurin tafiyar wani ilimi ne dabam, kuma ƙiyasin da masana sinadarai suka saba da shi shi ne ƙarin digiri 10 yana iya ninka saurin lalacewa. Adadin zagayen caji da ake bugawa a jikin kwali, dubu uku ko dubu shida, galibi a digiri 25 aka auna shi. A Tawa ko Yamai a watan Mayu, ko da asuba da wuya a ga wannan lamba a cikin ɗaki.

An taɓa ganin misalin haka a fili. A 2012 masu motar lantarki Nissan Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona, wuri mai zafin hamada, sun koka cewa baturansu suna raguwa da sauri fiye da yadda aka sa ran. Batirin motar ba shi da na'urar sanyaya shi, kuma katod ɗinsa akasari na manganis ne, irin wanda Michael Thackeray na Afirka ta Kudu ya gano a Oxford a farkon shekarun 1980. Wannan haɗi yana da arha da aminci, amma a zafi manganis ɗinsa yakan narke cikin ruwan batir ya je ya ɓata anod. Daga baya kamfanin ya sauya haɗin batirin don ya fi jure zafi.

Abin da lissafin ya tabbatar kuma kowa zai iya amfani da shi shi ne cewa katod ya fi zama cikin takura lokacin da batir ya cika maƙil, domin a nan ne ya fi nisa da yanayin da yake so. Cika da zafi idan sun haɗu sun fi kowannensu ɓarna shi kaɗai. Wayar da aka bari a caji tana kan 100 a gaban mota da rana, ko batirin sola da aka kafa a jikin bangon da rana ke duka, suna cin shekarunsu ne tun ba a yi amfani da su ba. Batirin waya da ya kumbura alama ce cewa ruwan cikinsa ya fara rikiɗa zuwa gas, kuma huda shi ko danna shi don ya koma mazauninsa ganganci ne. Haɗari mafi girma yana ga akwatunan da aka harhaɗa da tsofaffin ƴan batura na kwamfuta, waɗanda ba a san katod ɗinsu ba, ba a san shekarunsu ba, wani lokaci ma babu BMS na kirki a ciki.

Taswira a buɗe

A 2011 Kristin Persson da Ceder suka buɗe wani rumbun bayanai a cibiyar bincike ta Berkeley mai suna Materials Project, inda aka zuba sakamakon irin wannan lissafi kan sinadarai da yanzu sun haura 150,000. Kyauta ne. Ɗalibin kimiyya a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, in yana da intanet zai iya zana taswirar da a 2008 sai babbar cibiya ke iya yi. A ƙarshen 2023 kamfanin Google DeepMind ya ce ya yi hasashen sababbin haɗe-haɗe miliyan 2.2, kimanin 380,000 daga ciki masu iya zama daram. Wasu manyan masana sinadarai sun duba jerin suka ce kaɗan ne a ciki suka zama sababbi masu amfani. Haɗi ya zauna daram a kwamfuta abu ɗaya ne, a iya dafa shi tan-tan da arha kuma wani abu ne.

Kasuwa dai ta karkata inda lissafin oksijin ya nuna. LFP, wanda aka daɗe ana raina shi saboda nauyi, ya kai kusan rabin baturan motocin lantarki na duniya a 2024, kuma shi ya mamaye manyan rumbunan ajiyar wutar sola. Kusan dukansa a ƙasar Sin ake yin sa. Nijar tana da fosfat a yankin Tawa da tamar ƙarfe a yankin Say, Mali kuma ta buɗe mahaƙar litiyom ta Goulamina a ƙarshen 2024. Amma tsakanin dutsen fosfat da garin katod akwai tacewa mai tsanani da masana'antu da wutar lantarki mai yawa, kuma a can ne ribar take.

Yanzu hankali ya fara komawa kan sodiyom, sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, wanda ya fi litiyom yawa da arha. Kamfanin CATL na Sin ya gabatar da batirinsa na sodiyom a 2021. Tunanin farko da zai zo wa kowa shi ne a ɗauki LFP a cire litiyom a sa sodiyom. Ma'aunin Gibbs ya ƙi. Bolt yana sauka, tunda sodiyom tun asali yana ƙasa da litiyom da kusan kashi uku cikin goma na bolt. Abin da ya fi wannan, haɗin sodiyom da baƙin ƙarfe da fosfat idan aka gasa shi ba ya ɗaukar ginin LFP mai hanyoyi a buɗe. Yana faɗawa wani tsari da ya fi shi ƙarancin makamashi, wanda a cikinsa hanyoyin da sodiyom zai bi a toshe suke. Dole masu bincike suka koma neman wasu gidaje dabam, ciki har da dangin wani tsohon shuɗin fenti da aka fara haɗawa a Berlin a farkon ƙarni na 18.